Salansar Bindiga da Matsalar Karko: Nazari a kan Zaɓen Guda Ɗaya don Bindigogi da Yawa

A ƙarshen shekarar 2020 rundunar sojan kundunbala ta Amurka ta fara raba wa dakarunta na ƙasa salansar bindiga, da shirin kai adadin dubu 30. Kafin wannan lokaci, bututun ƙarfen nan da ake ɗaurawa a bakin bindiga kaya ne na zaɓaɓɓun dakaru da gwanayen harbi daga nesa. A watan Afrilun 2022 kuma rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi sababbin makamai daga kamfanin SIG Sauer, kowace bindiga tafe da salansarta. Dalilan a fili suke. Soja yana jin umarnin shugabansa a tsakiyar faɗa, wutar bakin bindiga ba ta tona inda yake da dare, sannan kunnensa yana tsira. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙugin kunne da ba ya ɗaukewa shi ne lalurar da aka fi biyan tsofaffin sojojin Amurka diyya a kanta.

Da salansa ta zama kayan yau da kullum, sai tambayar da ake yi a kanta ta sauya. Wanda zai harba harsashi ɗaya ko biyu a rana, ƙara ce kaɗai damuwarsa. Wanda zai harba ɗaruruwa a wuni ɗaya, a kan bindigogi mabambanta, yana son sanin ko abin zai kai baɗi. Irin wannan tambaya ce masu wasan harbi da masu koyar da shi da mafarauta suke yi a ƙasashen da doka ta ba farar hula damar mallakar salansa, irin su Finland, Norway, New Zealand, Birtaniya da jihohi 42 na Amurka. Abin da nake son nunawa shi ne, karkon salansa ba a sunan ƙarfen da aka rubuta a kwali kaɗai yake ba. Yana rataye ne a kan bindigar da ta fi kowace wahalar da ita, da yadda aka ɗaura ta, da inda hayaƙin da ta tare yake komawa.

Aikin salansa bai da wuyar fahimta. Idan albarushi ya kama a cikin bindiga, yana rikiɗewa zuwa iska mai tsananin zafi da matsi, wadda ke tura harsashi waje. Da harsashi ya fita, iskar nan ta biyo bayansa ta faso sarari a lokaci guda, wannan fasowar ita ce mafi yawan ƙarar da kunne ke ji. Salansa tana ba iskar ɗakuna a jere, waɗanda shamakai suka raba, ta yadda za ta bazu, ta huce, ta fita a hankali. Hiram Percy Maxim ne ya samu takardar mallakar wannan fasaha a 1909, kuma tunani ɗaya ya yi amfani da shi wajen ƙera salansar injuna. Mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ya ƙera mashingar Maxim, wadda dakarun Lugard suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Mu a nan aikin uban muka sani.

Salansa ba ta mai da bindiga bebiya. Doguwar bindiga tana fitar da ƙarar da ta kai desibel 160 zuwa 170. Salansa mai kyau takan rage 20 zuwa 35, ta sauko da ita kusa da 140, iyakar da hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata a Amurka suka gindaya wa ƙara mai zuwa farat ɗaya. Ragin yana da yawa, tunda kowane desibel 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti. Sai dai harsashin 5.56 yana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, alhali sauti mita 343 yake yi, don haka harsashin yana tsaga iska da tasa ƙarar da babu salansar da za ta hana. Mai harbi da yawa yana bukatar matoshin kunne ko da salansa.

Ƙarfin da salansa ta hana fita a matsayin ƙara ba ɓacewa yake ba, zafi yake zama a jikinta. Nan matsalar karko ta faro. Littafin horon sojan Amurka ya ƙayyade wa bindigar M4 harsashi 12 zuwa 15 a minti idan ana son a daɗe ana harbi ba tare da ta lalace ba, alhali injinta yana iya fitar da 700 zuwa 950 a minti. Wanda ya juye gida uku ko huɗu masu harsashi talatin-talatin a jere ya kai salansarsa ɗaruruwan digiri. Ƙarfe yana fara yin ja a ido idan ya wuce digiri 500 na ma'aunin Salshiyas, kuma a gwaje-gwajen soja ana kai salansa wannan matsayi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san ƙarfen da ya yi ja ba ya musu da guduma. A cikin salansa, kowane harbi guduma ce.

Idan aka leƙa cikin salansar da ta sha dubban harsasai a kan gajeriyar bindiga, shamaki na farko ne ke ba da labari. Ramin da harsashi ke bi, wanda aka fito da shi daga masana'anta da kaifin baki kuma a zagaye sumul, za a tarar bakinsa ya zaizaye, ya yi faɗi, fuskar ƙarfen ta yi ƙaiƙayi da 'yan ramuka kamar an gwaguye ta. Shamakai na baya kuwa kunkunniya ce kawai ta rufe su, ƙarfensu lafiya lau. Abin da ya ci na farkon shi ne ƙwayoyin albarushin da ba su gama ƙonewa ba, waɗanda ke fitowa da gudu suna sassaƙar ƙarfe mai zafi. Yayin da ramin ke faɗaɗa, iska tana wucewa ba tare da an tare ta ba, ƙara ta ƙaru, sannan zaizayar ta matsa zuwa shamaki na biyu.

Wannan ya sa tsawon hancin bindiga ya fi girman harsashi muhimmanci a lissafin karko, abin da yawancin sababbin masu saye ba sa zato. Bindigar M16 tana da hanci mai inci 20, M4 tana da 14.5, Mk 18 kuma 10.3, dukkansu harsashi ɗaya suke ci. A dogon hanci albarushi yana samun sarari ya ƙone, matsi ya sauka kafin harsashi ya kai baki. A gajeren hanci iskar tana fitowa da matsi mai yawa, da harshen wuta, da ɗanyen albarushi. Saboda haka ƙaramin harsashin 5.56 a hanci mai inci 10, ana harba shi babu ƙaƙƙautawa, ya fi saurin cinye salansa fiye da .308 a bindigar farauta mai inci 22 da ake ɗanawa da hannu. Akwai kuma wata wahalar ta daban. Harsashin .300 Winchester Magnum yana ɗauke da albarushin da ya kai kusan ninki uku na 5.56, don haka a harbi ɗaya yana cika salansa da iskar da ke gwada ƙarfin bututu da walda. Ɗaya zaizaya ce, ɗaya matsi ne. Masu ƙera salansa na ƙwarai sukan rubuta mafi gajartar hancin da suka yarda da shi ga kowane harsashi, kuma a ganina wannan jadawali ya fi duk wata kalmar talla amfani.

Ƙarafan da ake amfani da su rukuni huɗu ne, kowane da inda yake tsayawa. Alminiyam ya fi sauƙi, nauyinsa giram 2.8 a kowace santimita kiyubik, amma tun kafin digiri 200 ƙarfinsa ya fara raguwa. Titaniyam yana da 4.4, ba ya tsatsa, yana da ƙarfi ƙwarai a sanyi, sai dai masu ƙera shi kan gargaɗi kada a wuce da shi kimanin digiri 425. Bayan nan yana laushi, yana zaizayewa da sauri, har yakan watso fararen tartsatsi da ake gani da dare. Ƙarfe marar tsatsa nau'in 17-4 yana da 7.8, ya fi titaniyam haƙuri da zafi, ya kuma fi araha. A can sama akwai gaurayen nikel irin su Inconel 718, mai nauyin 8.2, wanda ke riƙe ƙarfinsa har kusan digiri 700, shi ya sa ake sa shi a injin jirgin sama, da gaurayen kobal irin su Stellite, waɗanda suka shahara wajen jure zaizaya.

Akwai abin da alƙaluman nan ke ɓoyewa. Salansa marar nauyi ba ta da jikin da zai shanye zafi, don haka da harsasai kaɗan take kaiwa iyakarta. Titaniyam ya yi rashi sau biyu ke nan: iyakarsa tana ƙasa, kuma yana saurin isa gare ta. Hanyar da injiniyoyi da dama suka bi ita ce su sa Inconel ko Stellite a shamaki na farko inda wuta take, sauran jikin kuma su yi shi da ƙarfe marar tsatsa ko titaniyam. Dabara ce mai ma'ana, amma tana da rauninta, domin ƙarafa mabambanta ba sa buɗewa daidai da juna idan sun yi zafi, kuma mahaɗarsu ce ke ɗaukar wannan saɓani. Salansar aiki mai nauyi takan kai rabin kilo ko fiye. SOCOM556-RC2 ta kamfanin SureFire, wadda ta fito daga jerin da dakarun Amurka na musamman suka ɗauka, tana kusa da giram 480. Rabin kilo a hannu ba komai ba ne. A ƙarshen hanci mai tsawon rabin mita kuwa, bayan wuni guda ana hawa da sauka a daji, wuyan hannu yana sanin da shi. Taura biyu ba ta taunuwa, wanda ya nemi karko zai biya da nauyi.

Wani abin da ya ja hankalina shi ne yadda doka ta siffanta ƙirar salansa fiye da yadda ƙarfe ya yi. A Amurka, dokar makamai ta ƙasa ta 1934 ta ɗora harajin dala 200 a kan kowace salansa, a zamanin da ita kanta 'yan daloli ake sayar da ita, ta kuma wajabta rajista da jiran amincewar gwamnatin tarayya. An soke kuɗin harajin daga farkon 2026, amma rajistar tana nan. Shekaru casa'in na wannan tsari sun koya wa Ba'amurke cewa salansa abin saye ne sau ɗaya a rayuwa. Shi ya sa yake neman wadda ba ta mutuwa, wadda za ta hau kowace bindiga a gidansa, ko da nauyinta ya wuce bukatarsa. A Norway da Finland, inda samun ta ke da sauƙi ga mai lasisin bindiga, kamfanoni irin su A-TEC da Hausken suna yin salansar farauta marar nauyi, galibi da alminiyam, wasu ma suna komowa baya su lulluɓe wani sashe na hanci don kada bindiga ta yi tsawo. Maharbin can yana harbi kaɗan a kaka, yana kare kunnensa da na karensa, idan ta gaji ya sauya wata. Ita ma Finland tana da Ase Utra mai yin na ƙarfe zalla don aiki mai tsanani. Darasin da ke cikin wannan bambanci shi ne, yawancin masu neman salansar da za ta jure harbin mashinga ba za su taɓa kai ta rabin wannan zafi ba. Ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya game da yawan harbinsa kafin ya ɗauki nauyin da ba shi da bukata. Wanda kuwa da gaske yake ƙona ɗaruruwan harsasai a zama ɗaya, alminiyam da titaniyam zalla ba nasa ba ne.

Batun bindigogi da yawa yana da ƙa'ida ɗaya da ba a karya ta: ƙaramin harsashi yana bi ta babban rami, babba ba ya bi ta ƙarami. Salansar da aka yi wa harsashi mai faɗin 7.62 tana karɓar .308, da 6.5 Creedmoor, da .300 Blackout, da 5.56. Shi ya sa ta zama zaɓin mai son guda ɗaya. Idan aka harba 5.56 ta cikinta, iska tana samun gefen da za ta zille ta wuce harsashi, ƙara takan ɗan ƙaru a baki. Amma faɗin ramin yana rage iskar da ke komawa baya, yana kuma ba da sarari idan saiti bai cika daidai ba. Ana yin masu ramin da ya fi haka faɗi don su karɓi har manyan harsasai, sai dai duk faɗin da aka ƙara, ƙananan harsasai ne ke biyan kuɗinsa da ƙara. Harsashi ɗaya da ya kamata a ware shi ne ƙaramin .22 LR. Ba shi da zafi ko matsi, amma yana barin dalma da kakin da ke taruwa a shamakai, kuma salansar da aka rufe da walda ba ta buɗuwa a kankare ta. Wannan yana son tasa daban, mai warwaruwa.

Inda na fi ganin ana sakaci shi ne maɗauri. Salansa da yawa da suka lalace ba zafi ne ya kashe su ba, harsashi ne ya daki shamaki. Tazarar da ke tsakanin harsashi da bakin ramin ba ta cika wuce milimita ɗaya ba, kuma karkatar da ido ba ya gani a gindi tana zama babba a ƙarshen bututu mai tsawon santimita 18. Sakamakon yakan fara da ɗan gurzawa a murfin gaba, ramin ya koma kamar ƙwai, harsasai su fara watsewa a allon bara. Idan abin ya yi muni, harsashi ya fasa gefe ko ya tafi da salansar gaba ɗaya. Mai yawo da salansa ɗaya tsakanin bindigogi huɗu ya ninka wannan haɗari sau huɗu, domin kowane hanci da irin zarensa. A Amurka 5.56 yakan zo da zaren 1/2x28, dangin .30 kuma 5/8x24. A Turai ana samun M14x1, M15x1 da M18x1. Bindigogin ƙirar Kalashnikov da yawa suna da zaren 14x1 mai juyawa hagu, wanda asali ba don salansa aka yanka shi ba, kuma sau da yawa bai daidaita da tsakiyar hanci ba. Maganin yana da sauƙi: sandar gwaji madaidaiciya da ake zurawa ta cikin hanci, bindiga babu harsashi, a ga ko ta fito a tsakiyar ramin salansa. Ana yin haka a kan kowace bindiga kafin harbin farko.

Ɗauri iri biyu ne. Akwai wadda ake murɗawa kai tsaye a zaren hanci. Ita ce mafi sauƙi da rashin nauyi, amma girgiza da zafi suna kwance ta, sai an riƙa dubawa. Akwai kuma mai saurin cirewa, inda kowace bindiga ke da nata maɗauri zaune a baki, salansa ta hau ta kulle. Ga mai bindigogi da yawa wannan ta fi, musamman wadda ke zama a kan gangaren ƙarfe mai siffar mazurari, domin gangaren yana daidaita ta a tsakiya, yana kuma hana hayaƙi isa ga zare. Inda hayaƙi ya samu hanya, kunkunniya takan daskare ta liƙe salansa da maɗauri har sai an sa ƙarfi da kayan aiki. A 'yan shekarun nan kamfanoni da yawa sun amince da zare guda a gindin salansa, mai awon 1.375x24, ta yadda mutum zai iya sa maɗaurin wani kamfani a salansar wani. Ga wanda ke shirin riƙe abu shekara ashirin, wannan ya fi ragin desibel biyu daraja, tunda bindigoginsa za su sauya, kamfanin ma yana iya daina yin maɗaurin da ya saba. A kuma tuna cewa nauyin salansa yana sauya inda harsashi ke sauka. Sauyin ba laifi ba ne muddin yana maimaita kansa duk lokacin da aka cire aka mayar, kuma maɗauri ne ke tabbatar da hakan.

Saura hayaƙin da ke komawa baya. A bindigar da ake ɗanawa da hannu babu wannan damuwa, domin gindinta a kulle yake har iska ta gama fita. A mai ɗana kanta, irin dangin AR-15, wani ɓangare na iskar ne ke tura injin baya. Salansa mai tare iska sosai tana ƙara wa injin ƙarfin da ba a tsara masa ba: yana buɗewa da wuri, yana dukan baya da ƙarfi, sassansa suna saurin gajiya, datti yana cika cikinsa. Hayaƙin kuma yana fitowa daidai fuskar mai harbi, ido ya yi yaji, ya shaƙi iskar da ke ɗauke da dalma da gubar hayaƙi. Salansar da ta rayu shekara goma amma ta cinye bindigogi biyu, ta kuma cika huhun mai ita da hayaƙi, ban ga dalilin kiranta mai karko ba. Wannan ne ya haifar da sabuwar ƙira mai barin iska ta bi ta wasu karkatattun hanyoyi ta fice ta gaba, wadda kamfanin OSS, da yanzu ake kira HUXWRX, ya yi suna da ita. Irin waɗannan hanyoyi suna da wuyar yankuwa da injin sassaƙa, shi ya sa galibi ake yin su da na'urar da ke gina ƙarfe daga gari, shimfiɗa bisa shimfiɗa, da hasken leza. A bakin bindiga sukan fi na gargajiya ƙara kaɗan. A kunnen mai harbi kuwa, a kan bindiga mai ɗana kanta, sau da yawa sun fi sauƙi, saboda ƙarar da ke fita ta ƙofar kwanso ta ragu. Tsohon ma'aunin sojan Amurka yana sa na'urar aunawa mita ɗaya a hagun bakin bindiga, kuma alƙaluman talla da yawa daga can suke fitowa, ba daga inda kunnen mutum yake ba.

Kulawa tana da nata rabo, ko da yake ba ta da yawa. Mafarautan arewacin Turai sun saba cire salansa da zarar sun dawo gida, domin raɓar da ke taruwa a cikinta tana gauraya da ragowar albarushi, ta gangara cikin hanci idan an jingine bindiga a tsaye, ta ci bakin da zaren da tsatsa. Rigar da ake sa wa salansa tana hana kawalwalniyar zafi ɓata gani a madubin saiti, tana kuma kare hannu daga ƙuna, amma tana riƙe zafi a ciki, don haka ba ta dace da harbi mai yawa ba sai an lura.

Idan aka ce in zaɓa wa mai harbi da yawa da ke da gajeriyar 5.56 da .308 da wata ta farauta, zan nufi mai ramin 7.62, jikinta ƙarfe marar tsatsa ko Inconel, shamakinta na farko gaurayen nikel ko kobal, wadda mai ƙera ta ya rubuta cewa ta halatta ga mafi gajeren hancin da ke gidan, mai zaren gindi na gama-gari, kuma mai rangwamen hayaƙin baya. Za ta yi wa bindigar farautar nauyi, wannan babu makawa. Kafin a biya kuɗi kuma akwai tambayar da ta kamata a yi wa kamfani a rubuce: idan harsashi ya daki shamaki, me za ku gyara? A Amurka lambar rajista a jikin wani sashe ɗaya take, idan wannan sashe ya lalace, a idon doka sabuwar salansa ce za a nema da sabuwar takarda. Ƙirar da ta sa lambar a gindi, nesa da inda ɓarna ke faruwa, kuma murfin gabanta yana ciruwa, tana gyaruwa cikin sauƙi. Wadda aka gina dunƙule guda daga garin ƙarfe ba ta da waldar da za ta tsage, amma gyaranta ya fi wuya, kuma amsar da kamfanoni ke bayarwa a kan hakan ta sha bamban daga wannan zuwa wancan.